Gurub ɗin Hajiya Rahina da Kunnen Mumuni

Abin da Hajiya Rahina ta rasa a bazarar bana shi ne gurub ɗinta, injin wutar da marigayi Alhaji Yakuba ya bar mata, wanda yake riƙe da firigonta biyu duk lokacin da aka ɗauke kuran. Abin da ta samu kuma suna ne wanda ba ta roƙa ba, har ƙetaren gada an san muryarta. Da rashin da samun duk ta hannun mutum ɗaya suka zo, ƙanen mijinta Mumuni.

A unguwar Lazaret ta Yamai ba wanda bai san Hajiya da ƙanƙara da bisab da lemun hari ba. Tun da Alhaji ya rasu, da firigon nan take ci, da su take biyan lakwal, kuɗin makarantar yara, kuma ba ta taɓa zuwa ƙofar dangin miji da ƙoƙon roƙo ba. Wajen ciniki kuwa, mai tumatir in ya hango ta tafe yakan rage kuɗin da kansa don ya huta. Rubutu bai dame ta ba. In tana da magana da mutum, danna waya take ta zuba masa bokal, ya ji ta da muryarta, gishiri da barkono duk a ciki.

Mumuni shi Allah ya ba shi baki, ya ajiye sauran sai wani jiƙon. Ya yi kiwon kaji, kajin suka riga shi gane cewa abin ba zai yiwu ba. Ya yi dillancin babura har sai da masu baburan suka fara nemansa da sanda. Bana sai ga shi da wasu manyan abin sauraro rataye a wuya, wayarsu tana lilo ba a sa ta cikin komai ba, ya zauna a fadar Amadu mai shayi ya sanar cewa ya gano baiwarsa, kuma a kunne take. Akwai wani kiɗa da ake kira elektro, in ji shi, wanda ake haɗawa da ordinater, wato kwamfuta, ba makaɗi ba maroƙi, duniya duka shi take rawa, mutanen Lazaret ne kawai ke barci. Aikinsa shi ne gano masu haɗa shi tun ba su yi suna ba. Sabon kiɗa in ya fita a Berlin da safe, kafin shayin farko ya nuna ya riga ya ji shi ya yanke masa hukunci.

Amadu ya tambaye shi ko da wane forfe na intanet yake jin duk wannan, tunda jiya ma aron waya ya yi ya kira. Mumuni ya ce mai kunne ba ya buƙatar forfe.

Don ya rufe bakinsu, wata rana ya kwashi 'yan fada a kan babura zuwa Gaweye, wai ya ji wani sabon gwani yana gwaji a ɓoye bayan wani shinge a bakin kogi. Suka isa, ga sauti kuwa yana tashi, dum dum dum, ba ya kuskure ko sau ɗaya. Mumuni ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ya ce su lura da yadda yaron yake riƙe ƙasan kiɗan, wannan hannun Jamus ne. Amadu ya leƙa ta kan shingen. Wani tsoho ne yake ban ruwan ganyen salati da injin jan ruwa, ya ɗago kai ya tambaye su ko kabeji suke so. Mumuni ya ce duk da haka injin yana da makoma in ya samu mai jagora.

Sai kuma tsautsayi ya haɗa shi da gwani na gaske. Faruk ɗalibi ne a jami'a, yana zaune a Lamorde, ƙetaren gada, yaro mai kunya wanda yake ɗaukar ƙarar taɓarya da ta kabu-kabu da kukan jaki ya dama su a ordinater, su fito abin da ƙafa ba ta iya jurewa. Abokansa duk sun san shi. Amma Mumuni ya dawo Lazaret yana cewa shi ya gano shi, kamar baƙon da ya sauka Yamai ya ce ya gano kogi. Tun kafin yaron ya gama gaisuwa ya naɗa kansa manajansa.

Ɗakin Faruk ba ya samun kuran sosai, don haka Mumuni ya zo wa Hajiya da fuskar tausayi, ya ce matar abokinsa ce ta haihu a Lamorde, zafi zai kashe jariri, a ba shi gurub yini guda a yi suna. Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Ta san shi, amma jariri jariri ne. Ta ba shi.

Jaririn nan kuwa sai ya ƙi girma. Yini ya zama kwanaki, kuran yana zuwa yana tafiya kamar baƙon da ya ɓata gida, ƙanƙara tana komawa ruwa a cikin leda. Hajiya ta kira, ba a ɗauka ba. Ta koma ga bokal. Ta aika na safe, ta aika na rana, ta aika wani daga tsakiyar kasuwa da cefane a kai, kowanne ya fi ɗan'uwansa yaji. Alamar wayar ta nuna mata ko ɗaya bai buɗe ba, wannan ya ƙara mata ƙarfin murya. Da ya ga dama ya dawo da injin, ta sa shi ya cika shi da isansi kafin ya zauna, ta tambayi sunan jaririn. Ya ce ai ba a gama shawara ba.

Abin da ya faru a Lamorde a kwanakin nan, sai daga baya ta ji shi. Faruk ya haɗa wani kiɗa da ya fi duk na baya, saura muryar mace da za a ɗora a kai. Mumuni dama ya cika masa kunne da labarin wata zabiya ta Maraɗi da ya gano, wadda ko rediyo bai san ta ba, wadda take yi masa waƙa shi kaɗai. Faruk ya ce to a ba shi muryar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mumuni ya laluba wayarsa, bai ga muryar mace ba sai tulin bokal ɗin Hajiya, ya tattara su duka ya tura. A lissafinsa ordinater kamar injin niƙa ne, in ka zuba magana gari take fitowa, ba mai gane gero daga dawa.

Faruk ya saurara, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya tambaye shi ko ya tabbata, kuma ko mai muryar ta yarda. Mumuni ya ce ita ce ma take roƙo a sa ta. Da aka gama aikin Faruk ya turo masa ya ji. Ranar ba shi da forfe. Washegari ya ce ya saurara har sau uku, ya yi kyau, sai dai a ƙara wa ƙasan ɗan gishiri.

Yanzu saura a fitar da kiɗan a gaban jama'a, kuma Mumuni ya zaɓi filin ƙofar Hajiya, saboda fili ne mai faɗi, saboda kuma gurub. Ya zo da murmushi yana kiranta matarmu, kamar yadda yake yi duk lokacin da zai roƙi abu.

"Albarka," in ji Hajiya, tun bai gama ba.

Ya ce ai bai faɗi komai ba tukuna. Ta ce fuskarsa ta faɗa. Ya kawo zancen zumunci, ta ce zumuncin ne ya narkar mata da ƙanƙara. Ya ce tarihi zai rubuta sunanta, ta ce ita ba ta karatu. Sai ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce ba komai, zai kai taron ƙofar Sa'adatu, samari ɗari da ɗari su yi rawa cikin zafin nan su sha ƙanƙararta.

Sa'adatu Bazabarma ce, maƙwabciyar Hajiya, ita ma ƙanƙara take sayarwa, kuma gaisuwarsu kullum da zuma a sama take. Hajiya ta ce masa ya zauna. Aka yi ciniki har shayin Amadu ya huce a can fada ana jiransa. Ta yarda da sharaɗi: firigonta ba za a cire su daga gurub ba, ko ruwan rijiya ba mai sayarwa a filin sai ita, kuma a watse kafin magariba kamar yadda mai unguwa ya ce. Ta shiga gida tana jin ta yi wa ƙanen miji wayo. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, ko da ya sa lulluɓi.

Ranar Asabar bayan la'asar aka kafa bash, rumfar tamfol, aka jera kujeru, aka sauke baf huɗu, manyan lasifikoki, kowanne tsawon ƙofar zaure. An manna hoto a bango, fuskar Mumuni ta cika takardar, Faruk yana can ƙasa kamar tambarin kanti. Manaja ya fito da baƙar rigar fata da baƙin tabarau, a zafin da ƙadangare ma yake neman inuwa. Ya kawo fitilu masu juyawa da rana tana sama, ya kawo wani akwati mai fitar da hayaƙi. Ana gama haɗa wayoyi aka ɗauke kuran.

Aka tada gurub. Ya ja baf, ya ja firigo, da aka ƙara masa fitilu sai ɗan makunnin kariyarsa ya faɗi, komai ya mutu. Aka ɗaga, ya sake faɗuwa. Faruk ya ce kaya sun yi masa yawa, a cire fitilun tunda ba wanda yake ganinsu. Mumuni ya ce taron elektro ba fitila ai walimar sauka ce. Ya zagaya bayan bash, ya yanko robar tayar babur, ya ɗaure makunnin tamau yadda ko yana so ba zai faɗi ba. Ya dawo yana share hannu, ya ce injin tsoro ne da shi, ya cire masa.

Kiɗa ya fara. Samari suka miƙe, yara suka cika fili. Dattawan da aka gayyato suna zaune a gaba da carbi suna jiran mai waƙa. Can mai unguwa ya jawo Mumuni ya tambaye shi yaushe za a fara. Mumuni ya ce ai an yi nisa. Mai unguwa ya ce shi dai yana jin ana ta ƙwanƙwasa ƙofa, ba wanda ya tashi ya buɗe.

Mumuni ya danna akwatin hayaƙi. Farin hayaƙi ya turnuƙe bash, tsofaffin mata suka yi salati suka kwashi takalma, Sa'adatu ta sheƙo da bokitin ruwa ta watsa wa manaja tun daga tabarau har takalmi. Ya karɓi makirfo yana ɗiga, ya yi wa unguwa huɗuba. Ya ce wannan shi ne ƙauyancin da ya hana mu ci gaba, hayaƙi a irin wannan taro ado ne, duk wanda ya sake ganin hayaƙi ya zauna inda yake ya yi tafi. Jama'a suka ji kunya suka koma kujerunsu.

Hajiya kuwa ko a jikinta. Tana bakin ƙofa da kula biyu, bisab yana tafiya, lemun hari yana tafiya, wanda ya nemi ragi ta nuna masa rana. Ta hango Sa'adatu tsaye da bokiti wofi, ta ɗaga mata leda ɗaya ta ce ko za ta saya.

Sai Mumuni ya sa aka rage sauti, ya ce yanzu ne babban abin. Sabon kiɗa, yau zai fara fita duniya, da muryar zabiyar da ya tono daga Maraɗi da kunnensa. Ya bayyana musu cewa kiɗan zai yi ta hawa yana hawa, ya tsaya cak, sannan ya faɗo, kuma a wurin faɗowar ne zabiya za ta yi masa kirari, kowa ya kasa kunne ya ji sunansa. Faruk ya dube shi, ya sake dubansa. Mumuni ya yi masa alama da yatsa kamar mai ba soja umarni.

Kiɗa ya hau. Ya hau har yara suka ɗaga hannuwa, har mai unguwa ya daina jan carbi. Ya tsaya cak. Sai wata murya ta fito daga baf huɗu, tas kamar an wanke ta:

"Mumuni, malalaci. Mumuni, maido gurub."

Ganga ta faɗo a kai kamar rufin kasuwa. Muryar ta ci gaba, tana yankewa tana dawowa daidai da bugu. Maido, maido, maido gurub. Ƙanƙara na narkewa, kai kana yawo da kunnuwan jaki a wuya. Akuya ta fi ka, ita ana tatsa.

Hajiya tana tsiyaya bisab ta ce a ranta, wace ce wagga mai faɗin gaskiya haka. Sai da aka zo kan akuya ludayin ya tsaya a hannunta. Ta tuna inda ta faɗi wannan, gaban mai albasa, da cefane a kai.

Fili ya kama wuta. 'Yan fada suka faɗi kan juna, Amadu yana dukan ƙasa da tafin hannu. Yara tuni sun haddace, suna tsalle suna nuna mai rigar fata. Dattijon da ke kusa da mai unguwa ya ce to yanzu an buɗe ƙofar. Sa'adatu ta matso da murmushinta mai zuma.

"Fofo, Hajiya. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka da zabiya, ko kirari ɗaya ba ki taɓa yi mini ba."

"Ki ci bashina ki gani," in ji Hajiya.

Mumuni ya ruga wajen na'ura zai kashe. Maɓallai sun fi talatin, shi kuma bai taɓa sanin aikin ko ɗaya ba. Ya murɗa na farko, akuya ta ƙara ƙarfi har ana jin ta a bakin kasuwa. Ya danna na biyu, malalaci ta maƙale tana maimaita kanta. Faruk yana cewa ya bari, ya bari, shi yana ta laluben na uku da jiƙaƙƙen hannu.

Hajiya ta ajiye kula ta nufo su da ludayi. Jama'a suka ga mai murya da kanta, suka buɗe mata hanya suna tafi, wasu suna ɗaga waya suna ɗauka, wata yarinya ta manna mata kuɗi a goshi. Hajiya ta cire ta duba, ta soke a bakin zane, ta ci gaba da tafiya.

A daidai nan hayaƙi ya taso daga bayan bash, baƙi wuluk, mai warin roba. Ba wanda ya motsa. An riga an koya musu wayewa. Suka yi tafi, wani ya ce wannan ya fi na farko kyau. Sa'adatu ta dubi bokitinta ta dubi Mumuni, ta rungume hannu. Gurub ya yi tari, ya yi wani irin kuka, ya saki tartsatsi, ya cika. Baf suka yi shiru, fitilu suka tsaya, sai muryar yara kawai da ba su san an gama ba, suna ta maido gurub, maido gurub.

Hajiya ta zagaya ta tsaya a kan injin. Robar ta narke ta manne a makunnin. Mumuni ya biyo ta daga nesa, ya cire tabarau, ya fara bayanin cewa ko a Turai manyan taruka da haka suke ƙarewa.

"Injin ya ce maka ya gaji, ka ɗaure masa baki," in ji ta. "Yayanka ya riƙe shi bai taɓa ko tari ba. Kai yini guda."

Ya ce matarmu, a yi haƙuri. Ta ce matar wa. Mai unguwa ya sa baki ya ce a bar shi haka, yaron ya riga ya sha hukunci, unguwa duka ta yi rawa da shi. Kafin a kira magariba manaja ya sulale ta bayan gida, rigar fata a hammata.

Makanike ya zo ya buɗe gurub ya rufe, ya yi mata ta'aziyya. Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Kuran ya tafi ƙanƙara ta bi shi, masu saye suka koma ƙofar Sa'adatu. In Hajiya ta shiga kasuwa, tana buɗe baki za ta taya kaya sai mai kayan ya fara gyaɗa kai yana buga tebur. Bidiyon ranar ya zagaye wayoyin Yamai, masu kabu-kabu suna sa kiɗan, an ce har wajen biki an buga shi a Lamorde.

Sai ga Faruk wata safiya, ya durƙusa a bakin tabarma ya gaida Hajiya yana kiranta Tanti. Ya ba da haƙuri, ya ce shi an gaya masa ta yarda. Bayansa Mumuni ne, ba abin sauraro a wuya. Faruk ya ce wasu masu fitar da irin wannan kiɗa a waje sun ji, suna so su saya, amma ba za su taɓa shi ba sai mai murya ta amince. Mumuni ya yi gyaran murya ya ce a matsayinsa na wanda ya gano su duka biyun, kashi ɗaya cikin uku nasa ne. Hajiya ta ce an riga an biya shi, sunansa yana cikin waƙar tun daga farko har ƙarshe, ya koma bakin ƙofa inda iska take.

Sannan ta gyara zama. Faruk ya faɗi abin da mutanen suka taya, ta ce albarka. Ta nemi sabon gurub da firigo na uku da kujerar Makka. Yaron ya ce Tanti, ba su kai nan ba, ƙananan mutane ne. Ta ce ƙananan mutane su sayi ƙaramar murya, ga ta Sa'adatu nan. Ta tashi ta shiga ɗaki ta bar shi da tabarma. Ya tafi ya dawo da ƙari, ta ce wannan ko kuɗin akuyar bai kai ba. Ya sake komawa. A zuwa na gaba ta janye kujerar Makka, ta ce dama ta je. Firigo na uku ta riƙe shi har sai da yaron ya kusa kuka, sannan ta sake shi kamar ana cire mata haƙori. Gurub kuma ta ce ta fasa, abin da ake iya ɗorawa a babur a ƙetare gada da shi ba ta ƙara ajiye shi a gidanta.

Faruk ya ce to Tanti, a faɗi na ƙarshe, don Allah.

"Pano huɗu na hasken rana da babban batir, a ɗaure su a kan rufina," in ji Hajiya Rahina. "Wannan kuɗin tsohon zagi ne. In sun so sabo, sabon ciniki. Ka gaya musu kada su damu, Mumuni yana nan da ransa, kaya ba za su yanke ba."